Ni da Malam a ƙasar Maraɗi

Da Malam ya ajiye alli bayan shekara da shekaru yana koyarwa, ni ma na bar aikin unguwarzoma a asibitin gwamnati, lissafin 'ya'yanmu shi ne mun gama. Babban ɗanmu ya gyara mana ɗaki a gidansa na Kaduna, har da fanka da talabijin, aka ce mu zo mu huta mu yi rainon jikoki. Ana cikin haka sai aka yi sanarwa a wani taron ikilisiya cewa wata 'yar ƙaramar majami'a a wani ƙauye na ƙasar Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar, tana neman wanda zai zauna da su ya riƙa koya musu Littafi Mai Tsarki, ko da tsoho ne. A hanyar komawa gida Malam bai ce uffan ba, sai murza hularsa yake yi a gwiwa. Na san shi. In ya fara wannan murzar, magana ta riga ta zauna, sauran kawai ya nemi bakin da zai faɗa mini. Da dare ya ce, "Uwargida, kin ji sun ce ko da tsoho ne?" Na ce na ji, kuma na ji ba su ce ko da tsohuwa ce ba. Ya yi dariya. Bayan girbi muka ɗaure kaya.

Mu Hausawa ne, Kiristoci, daga ƙasar Malumfashi. Har yau akwai mai jin haka ya sake tambaya, wai ko dai Hausar ce muka iya. A'a, iyaye da kakanni. Saboda haka Maraɗi ba ta yi mana baƙunta irin yadda za ta yi wa Bature ba. Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, su ne suka yi arewa suka kafa daularsu a nan, kuma har gobe sarkin garin sarautar Katsina yake riƙe da ita. Daga Katsina ka bi ta Jibiya, ka tsallaka iyaka ka shiga Ɗan Isa, ka wuce Danja, sai ga ka a Maraɗi. Amma duk kusancin nan ƙasar waje ce. Tuta daban, kuɗi sefa, takardun hukuma da Faransanci, jandarma a hanya yana neman katinka. Ranar da aka rufe iyaka kuwa za ka san cewa lallai ba a gida kake ba. Zan zo kan wannan.

Gidanmu ɗaki biyu ne na ƙasa da rufin kwano, da zaure, da ɗan fili inda nake da zogale da kaji. Agogonmu lasifikar masallaci ce. Da ladan ya kira sallar asuba mu ma mun tashi, maƙwabta su yi alwala su nufi masallaci, mu kuma mu kunna 'yar fitila mai cajin rana mu zauna bakin gado. Malam ne ke karatu, don idonsa ya fi nawa, ni ce ke ɗaga waƙa, don in aka bar masa zai kai ta inda mai ita bai nufa ba. Sai addu'a: 'ya'ya da jikoki ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, sai mutanen majami'a, sai mai gari, sai liman, sai duk wanda muka ji ya kwana da ciwo. Bayan Amin sai gwangwanin magani. Nasa na hawan jini, nawa na suga da na gwiwa. Ni ke ƙirga masa, domin in na bar shi sai ya ce ai jiya ya sha, kamar wanda ya biya bashi.

Ruwa a kan amalanke ake kawo mana cikin jarkoki. Abinci kuwa hatsi ne sarki a nan, fura da rana, tuwo da dare, miyar kuka ko ta kuɓewa busasshiya, ranar kasuwa a sami ɗan nama. Watannin Afrilu da Mayu su ne jarrabawa. Kwano ya ɗauki zafi, ɗaki ba ya shiguwa, sai mu fitar da katifa tsakar gida mu yayyafa wa ƙasa ruwa. Ba zan ce na saba ba. Na dai daina ƙorafi da ƙarfi.

In aka tambaye ni mene ne aikin Malam, amsar gaskiya ita ce gaisuwa. Da hantsi zai ɗauki sandarsa ya fita. Ya fara da ƙofar mai gari, ya zauna a tabarma tare da dattawa a yi ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya dabbobi, a taɓa zancen ruwan sama da kuɗin taki. Daga nan ya leƙa liman, ya bi gidajen marasa lafiya. In an yi haihuwa yana wurin suna da goronsa. In an yi rasuwa yana zaman makoki har a share, ana shafa fatiha shi kuma ya sunkuyar da kai ya yi tasa addu'ar a zuci, kuma kowa ya san abin da yake yi, babu wanda ya taɓa ce masa don me. Kafin zuwanmu wani matashin fasto ne a nan, mai ilimi da ƙwazo, ga babur. Ba laifinsa ba ne, amma yaro ɗan shekara talatin ba shi da wurin zama a tabarmar dattawa. Zai gaisar ya wuce. Malam kuwa farin gemunsa ne ya shimfiɗa masa wuri tun ranar farko. Abin da 'ya'yanmu suka ɗauka shi ne dalilin da zai sa mu zauna a gida, shi ne ya zama jarinmu a nan.

Ni ma haka. Tsohuwa ba ta da shamaki, har gidan da ake kulle ina yin sallama in shiga. Inna suke ce mini. Yara maza su tare ni a hanya suna "matata, ina tuwona?", in ce wane irin miji ne wannan da ko cefane ba ya bayarwa. Ba na karɓar haihuwa, don ba ni da izinin yin aikin a ƙasar nan, kuma akwai ma'aikatan lafiya da aka ajiye don haka. Amma ido ba ya ritaya. Ina ganin mai ciki da kumburin ƙafa da fuska, ko in buɗe fatar idonta in ga fari fat, na san abin da ke tafe. Aikina shi ne in sa a kai ta asibiti da wuri, kuma yawanci ba matar ce matsalar ba, maigidan ne da lissafin aljihunsa.

Akwai wata yarinya, haihuwar fari, da ta kwana ta yini ta sake kwana tana naƙuda a ɗaki. Tsofaffin gidan sun ba ta rubutu da jiƙo, suna cewa a yi haƙuri, ta fari haka take. Da aka kira ni na taɓa cikin, na duba ta, na fito na sami mijin a zaure yana gyaran igiya. Na zauna a ƙasa kusa da shi, gwiwa tana ƙara. Na ce, "Ɗana, tumakin nan da ke ɗaure a bayan gida, na wa ne?" Ya ce nasa ne. Na ce, "To ka zaɓa. Ko ka sayar da ɗaya yau da hannunka, ko a yanka biyu gobe don masu zuwa gaisuwa." Ya ɗago ya dube ni. Da matashiyar ma'aikaciya ce ta faɗa masa haka da an yi rigima. Ya ce, "Inna, har ya kai haka?" Na ce ya wuce. Kafin la'asar tana kan gadon asibiti, aka yi mata aiki. Jaririn bai zo da rai ba, amma ita ta rayu, kuma ba ta gamu da yoyon fitsari ba, wanda shi ne abin da doguwar naƙuda ke bar wa 'yan mata da yawa a ƙasar nan. Don irinsu ne aka buɗe cibiyar gyaran yoyon fitsari a Danja a 2012, kusa da tsohon asibitin kutare na mishan. Na raka mata can, na ga yadda mace ke shiga tana ɓoye fuska ta fito tana neman lalle.

Ranar Lahadi majami'armu ba ta cika ba. Benci kaɗan ne, maza gefe, mata gefe, yara a tabarma a gaba. Akwai malaman makaranta da aiki ya kawo, akwai iyalai da kakanninsu suka karɓi bangaskiya tun suna jinyar kuturta a Danja. Matan zumunta suna buga tulu da caki, kuma in suka ɗaga waƙa sai ka rantse mutum ɗari ne. Baikon godiya bayan girbi ba a faranti ake kawo shi ba: damin hatsi, kwanon gyaɗa, wake, zakara da ƙafa a ɗaure yana ta ihu ana tsakiyar addu'a. Da yamma Malam yana zama da mutum uku ko huɗu da yake koya wa wa'azi, dukansu manoma, don burinsa ranar da ba ya nan kada a ce sai an aiko wani daga nesa. Ni kuma Talata da Alhamis ina koya wa mata karatu a inuwar darbejiya, Kirista da Musulma duka, kowa da abin da take so ta karanta. Wata Littafi, wata takardar asibiti, wata kuwa cewa ta yi so take ta riƙa gane sunan wanda ke kiran mijinta a waya.

A nan ne na gano cewa rabin tsofaffin da ke cewa kansu ba ya ɗaukar karatu, ba kan ba ne, ido ne. Wata dattijuwa ta yi wata da watanni ba ta bambance "ba" da "da". Rannan na cire tabarauna na ɗora mata. Ta dubi allo, ta dubi tafin hannunta, ta ce, "Ashe haka duniya take da layi-layi?" Tun daga nan duk mai zuwa daga gida tabarau nake roƙo.

Mishan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. 'Yan ƙungiyar mishan ta SIM sun sauka Damagaram tun 1924, suka zo Tsibiri, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, wanda har yau mutane ke zuwa daga nesa, har daga Najeriya. Mu 'yan Najeriya ma ba yau muka fara fita ba, ƙungiyar EMS tun 1948 take aika masu bishara. Duk da haka, bayan shekara ɗari, Kiristocin Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Ina faɗin wannan ne saboda wasu daga cikin masu tallafa mana, Allah ya saka musu, in suka kira tambayarsu ta farko ita ce mutum nawa suka tuba a wannan wata, kuma a turo hoto. Wannan tambaya tana ɓata mini rai, ba zan ɓoye ba. Mutanen nan ba buhunan gyaɗa ba ne da za a jera a ƙirga. Suna da addininsu da suke riƙe da shi da gaske, da yawansu sun fi wasunmu tsoron Allah a ciniki da riƙon amana. Ba mu ɓoye abin da muka gaskata ba, duk ƙauyen an san mu masu bin Yesu Almasihu ne, wanda ya tambaya kuma muna ba shi amsa ba kwana-kwana. Amma mu ɗauki hoton maƙwabcin da ya ba mu wuta da ruwa mu aika a matsayin ganima, wannan ba za mu yi ba.

Akan sami mai zuwa da dare, bayan an yi shirin barci, ya ce yana da tambaya. Malam zai fita zaure su zauna. Dokarsa ɗaya ce: ba ya ba da kuɗi, ba ya alkawarin makaranta ko aiki, kuma abin da yake fara gaya wa saurayi shi ne ya je ya yi wa mahaifinsa noma fiye da yadda ya saba. Ya ce bangaskiyar da za ta fara da raina iyaye ba daga wurin Allah take ba. Wasu sukan dawo, wasu ba a sake ganinsu sai a kasuwa, a gaisa kamar ba a taɓa yin zancen ba.

In kana so ka san ɗan mishan ɗin da manoman ƙasar Maraɗi suka fi amfana da shi, ba mai wa'azin kasuwa ba ne. Wani mutumin Ostareliya ne, Tony Rinaudo, da ya zo a farkon shekarun 1980 yana dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwa a ƙasa, suna neman a bar su su tashi. Daga nan aka fara abin da ake kira sassabin zamani, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa ya farfaɗo da fili wajen hekta miliyan 5 a Nijar. Malam ya koya daga wani dattijo Musulmi, maƙwabcin gonar majami'a. Za ka sami kututturen sabara ko kalgo da ya yi tofo goma sha, ka zaɓi uku ko huɗu masu ƙarfi da suka miƙe, ka sare sauran da wuƙa mai kaifi, kana yankan daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Ka rage ƙananan rassan gindi, ka ɗaura ɗan jan ƙyalle don mai neman itacen wuta ya san da mai shi. Gawo kuwa ba a taɓa shi, don da damina yake zubar da ganye, hatsi ya sami rana da taki a ƙarƙashinsa, da rani kuma dabbobi su sami inuwa da 'ya'yansa. Malam yakan daɗe a gonar nan fiye da yadda bayansa ke so. Ya dawo yana nishi, in shafa masa man zafi, ina yi ina faɗa.

Zaman lafiya muke yi da mutane, amma ba zan ce babu tsoro ba. Kiristocin ƙasar nan ba su manta watan Janairun 2015 ba, lokacin da aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, abin da babu hannun ko ɗayansu a ciki. A Yunin 2019 ma an ƙona wata a cikin garin Maraɗi. Ga kuma 'yan bindiga a dajin kan iyaka, da dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka tsallako tun 2019. Duk lokacin da gari ya ɗan yi zafi, mai gari yakan aiko jikansa ya ce a gaya wa Malam wannan Lahadin a yi sujada ba kiɗa. Matasanmu sukan ji haushi. Malam ya ce mutumin da ya aiko maka da gargaɗi ya ɗauke ka nasa ne, a ajiye tulun. Da azumi kuwa kwanukan kunu da ƙosai har sun fi ƙarfinmu, da babbar Sallah nama ya yi ta shigowa. Mu ma da Kirsimeti maƙwabcinmu muke kira ya yanka mana akuyar, don kowa ya ci shinkafar da zuciya ɗaya.

Lokacin da ya fi yi mini nauyi shi ne bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Tsofaffin ƙauyen suka fara tuna yunwar 1984, wadda suke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin Buhari ta yi. Kaya suka yi tsada, 'yan kuɗin fanshonmu ga su a banki a Najeriya, ga naira tana ta zubewa a gaban sefa, maganin Malam sai da muka riƙa nema kamar zinariya. A cikin watannin nan ne yayata ta rasu a gida. Akwai masu bi ta daji a kan babur, amma ba da gwiwata ba, ba kuma da 'yan bindiga a hanya ba. A waya na ji ana rera waƙar da za a sa ta a kabari, ina tsaye a kan tudun bayan gari inda ake samun layi. Na yi kwanaki ba na ɗaga waƙar asuba. Malam ya yi karatunsa, ya yi addu'a shi kaɗai, bai matsa mini ba. Na gaya wa Allah abin da ke raina ba tare da ado ba, cewa ban ga abin da zamana a nan ya ƙara masa da har zai hana ni rufe 'yar'uwata ba. Ban sami amsa ba. Abin da na samu shi ne matan ƙauyen, da suka ji, suka cika gidan nan kwana uku suna zaman makokin matar da ba su taɓa gani ba, kowace da kwanonta. Sai a Maris na 2024 aka buɗe iyaka na je na ga kabarin.

Tun daga lokacin 'ya'yanmu suka ƙara matsa lamba. Autarmu in ta kira sai ta ce, "Mama, ku dubi shekarunku mana. In wani abu ya sami Baba da dare fa?" Tana da gaskiya, kuma ba na ce mata rashin bangaskiya ne, domin ni ma ina wannan lissafin in na ji numfashinsa ya canza cikin barci. Malam kuwa amsarsa ba ta wuce Ibrahim, wai yana da shekara 75 ya bar Haran. Nakan ce masa Ibrahim da raƙuma da barori ya tafi, ba da gwangwanin magani ba.

Mun ma yi zancen kabari, tunda a shekarunmu ba abin kunya ba ne. Shi ya ce in ta same shi a nan a sa shi a nan, a gefen gonar majami'a, kada a wahalar da kowa da mota da takardun iyaka. Ya kawo mini labarin kogon Makfela, yadda Ibrahim ya sayi wurin binne Saratu a ƙasar baƙunci da kuɗinsa. Na ce ya yi kyau, amma ni ba Saratu ba ce, a kai ni Malumfashi kusa da uwata da yayata. Ya ce to ashe za a raba mu. Na ce ranar tashi ai ba za a rasa hanya ba. Har yanzu ba mu daidaita ba, kuma mun gaya wa yara kowa a yi masa yadda ya ce.

Abin da muka amince a kai shi ne za mu ƙara damina, mu ga ko ɗaya daga cikin ɗaliban Malam zai iya riƙe majami'ar, sannan a sake zama. Kafin nan, duk mai shirin zuwa ta wajenmu daga Katsina ko Kano, don Allah ya taho mana da tabarau na karatu, irin na kasuwa masu araha, lamba biyu zuwa uku sun fi tafiya. A haɗo da alli da Littafi mai manyan baƙaƙe in an samu. Daddawa kuma kada a wahala, ta nan ta fi tamu, ko da yake ban yarda na faɗi haka a gaban matan ƙauyen ba.